Kangon Gangar Nomau

Daga bayan rumbu na jawo shi
ran Asabar, hantsi bai yi zafi ba.
Ba fata, ba tsarkiya, ba gula,
sai yanar gizo, sai gidan zanzaro,
sai ƙwai biyu da kazar Uwani ta ɓoye
ba ta gaya wa kowa ba.

Kangon gangar noma ne, ta Nomau mahaifina,
wadda ta ta da gayya
daga Mazoji har bakin Sandamu.
Ni kuwa tela na zama a cikin Daura,
keke nake kaɗawa, ba ganga ba.

Ilu kafinta ya ce in kawo shago,
inji zai lashe dattin kafin azahar.
Na ce sayar mini da sanfefa dai,
mai kaushi biyu, mai laushi ɗaya.
Abin da ya taru a shekara arba'in
bai kamata a bar wa lantarki ba.

Na fasa kwalba, na zaɓi baki mai kaifi,
na zauna gindin bedi, kango tsakanin gwiwoyi.
Fentin sama kore ne, na shekarar zaɓe,
da kawu Barau ya are ta ya bi motoci,
ya dawo da hula ɗaya da dusasshiyar murya,
rijiyar da aka ce, har yau ba mu sha ba.
Koren ya zube kamar ɓawon gyaɗa.
Ƙarƙashinsa ja.
Na tambayi Inna, jan na wace shekara ne?
Ta yi murmushi, ta ja mayafi,
ta koma tsince wakenta, ba ta ce komai ba.

Ƙarƙashin jan, baƙin hayaƙi da gumi
ya riƙe icen kamar tsohon bashi.
Sai da kananzir, sai da tsumma,
sai da yatsa ya yi jini.

La'asar sakaliya ice ya buɗe ido:
alilliba ce, da jijiyoyi
kamar bayan hannun tsohuwa.
Ƙamshinta ya taso ɗanye shar,
sai ka ce ba ta san an sare ta ba.

Gara ta yi hanya uku daga ciki,
na kwaɓa garin katako da ƙaro na toshe.
Tsaga guda daga baki, tsawon yatsa,
wani ya riga ni ɗinke ta da waya,
ƙulli biyar, na ƙarshe a karkace.
Na san mai wannan ƙulli,
haka yake ɗaure bakin buhu.
Ashe ɗinki ba a ƙasa na tsince shi ba.

Sai ga lotsi a gefen hagu,
santsi, faɗin tafin hannu,
inda ƙugunsa ya goga damina bayan damina
yana bin manoma kunya-kunya.
Na ɗaga sanfefa, hannu ya tsaya.
Uwani ta ce, Baba, ka tsallake nan.
Na ce, wanda ya goge nan ya fi ni iyawa.

Banish ɗin da Ilu ya ba ni kyauta
yana kan taga, ban buɗe ba.
Man kaɗe na narka a murfin tukunya,
ina shafawa, ice na sha
kamar fako ya ga ruwan fari,
sau uku, kwana uku,
har ya koma launin zumar kwarya.

Fatar akuya sai Lahadi a Mai'aduwa,
in ɗinkin mako ya bar mini canji.
Wa zai kaɗa? Oho.
Tarakta ba ta jin kirari,
samarin gayya sun hau acaɓa.

Daren jiya dai, da gida ya yi tsit,
na sa kaina cikin kangon,
na yi gyaran murya, shi ke nan.
Abin da ya dawo mini ya girme ni.
Daga ɗakinta, tsakanin barci da farke,
Inna ta ce, Ka dawo?
Tuwonka na nan a rufe.

Ban amsa ba.